Idan Silon Mota Ya Ƙi Sauka: Yadda Ake Bin Sawun Iskar Da Ke Shiga Inji

Ka tayar da mota da sassafe, inji ya ɗaga murya, allurar juyi ta tsaya wajen 1,300 ko 1,500. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta: inji mai sanyi yana bukatar ɗan ƙarin gudu don kada ya mutu, kuma don ya yi saurin ɗumama. Ciwon yana farawa ne idan ka yi tafiyar minti goma sha biyar, allurar zafi ta kai tsakiya, ka tsaya, ƙafarka ba ta kan totur, amma inji na ta ruri kamar wani ne ya taka maka. Idan motar mai giyar otomatik ce, kana sa ta a D sai ta zabura, kana ɗaga birki ta kama hanya da kanta. Fetur yana ƙonewa a banza, giya tana shan duka, birki yana kokawa da injin da ya kamata ya kwanta. Gudun nan da inji ke yi shi kaɗai a tsaye shi makanikai ke kira silo, kuma a yawancin motocin fetur, idan inji ya ɗumama, yana zama ne tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti.

Motocin da nake magana a kansu su ne masu injekta waɗanda totur ɗinsu ke aiki da waya, wato galibin abin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000. Waɗanda suka biyo baya, masu totur na lantarki, tsarinsu daban ne.

Kafin ka ɗauki sifana, riƙe abu guda: injin fetur ba ya ƙara gudu sai ya sami ƙarin iska. Ka tuttula masa fetur ba iska, shaƙewa zai yi. Don haka kusan duk silon da ya yi sama, iska ce ta yi yawa, kuma aikinka kaf shi ne gano ƙofar da take bi. Ƙofofin uku ne. Ta farko faifan totur, wannan zagayayyen ƙarfen da ke cikin maƙogwaron inji wanda ke buɗewa idan ka taka. Ta biyu bawul ɗin silo, wanda littattafan gyara ke kira IAC, wata ƙaramar hanya ce da ke kewaye faifan, kuma kwamfutar mota ce ke buɗe ta tana rufewa. Ta uku ɓarauniyar hanya: tsagaggen tiyo, gasket da ya mutu, ko wani bawul da ya ƙi rufuwa. Ƙofa ta biyu tana da fuska biyu, domin ko dai bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko kuma lafiyarsa ƙalau, kwamfuta ce ke buɗe shi da gangan saboda wata sensa tana yi mata ƙarya.

Akwai wani ɗan sukuru a jikin maƙogwaron totur wanda faifan ke jingina a kansa idan ya rufe, sau da yawa da ɗigon fenti a kai. Kusan duk wanda ya ga silo ya hau, hannunsa can yake fara zuwa. Ka bar shi tukuna. A masana'anta aka saita shi, sukuru kuwa ba ya juya kansa. Idan jiya silo daidai yake yau ya hau, wani abu ne ya canza, ba shi ba. Kana taɓa shi ka ƙara ciwo na biyu a kan na farko, ka kuma ɓata saitin sensar totur.

Fara da kallo da sauraro

Ka bari inji ya ɗumama sosai, har fankar lagireto ta tashi ta tsaya. Kashe esi, kashe fitilu, miƙe sitiyari, giya a N ko P, ja birkin hannu. Dalili kuwa, kwamfuta tana ɗaga silo da gangan idan esi na aiki ko an murɗa sitiyari, don inji ya iya ɗaukar nauyin. Yanzu ka lura da halin ciwon. Silo ya tsaya cak a sama ne, ko yana hawa yana sauka kamar mai numfashi? Ko kuwa idan ka saki totur sai ya rataye a sama na ɗan lokaci kafin ya sauko? Ka kuma tambayi kanka yaushe abin ya fara. Idan bayan an canza batir ne, ko an wanke maƙogwaron totur, ko an zuba sabon ruwan lagireto, to rabin amsar tana hannunka, kuma za mu iso kowannensu.

Hawa da saukar nan tana da dalili mai sauƙi. Idan kwamfuta ta ga totur a rufe amma juyi ya wuce wani ƙa'idajjen adadi, sai ta ɗauka gangara kake yi, ta yanke fetur. Juyi ya faɗo, ta mayar da fetur, iskar da ta yi yawa ta sake ɗaga shi. Don haka shi ma ciwon iska ne, ba na famfon mai ko fulogi ba.

Waya, feda da kafet

Wannan ba ya cin minti biyar. Duba ko kafet ya hau kan feda. Buɗe bonet, inji yana silo, ka sa hannu ka danna hannun totur zuwa wajen rufewa. Idan silo ya sauka, faifan ne ba ya komawa gida. Wayar totur ya kamata ta kasance da ɗan sako-sako idan ba a taka ba. Idan ta yi tsam kamar tsirkiya, sassauta ta daga notinan da ke riƙe da ita. Waya mai zarewa a cikin kwasfarta canza ta ake yi, ba a shafa mata mai a ci gaba, don ranar da za ta maƙale a buɗe ba ta sallama. Motar da ke da na'urar riƙe gudu tana da waya ta biyu, ita ma a duba. Wasu tsofaffin kuma suna da wani ɗan ƙoƙo mai sanda da ke tare totur don kada ya rufe da ƙarfi, shi ma yakan ƙage.

Tambayi kwamfuta

Ko fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba, ka karanta abin da ke ajiye. Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod inda ake jona sikana, wato na'urar da ke karanta abin da kwamfutar mota ta ajiye. Lambar P0507 tana nufin silo ya wuce yadda kwamfuta ke so, P0505 tana nuni ga tsarin bawul ɗin silo, P0171 tana cewa iska ta rinjayi fetur. P0115 zuwa P0118 na sensar zafin ruwa ne, P0120 zuwa P0123 na sensar totur, P0128 kuma inji ne ba ya kai zafin da ya kamata. Waɗanda suka girmi haka da ƙiftawar fitila suke magana. A Toyota, ana haɗa bakin TE1 da na E1 a akwatin gwaji da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, a ƙirga ƙiftawa: 22 zafin ruwa, 41 sensar totur. A Honda, ana haɗa wani soket mai baki biyu da ke ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja: 6 zafin ruwa, 7 sensar totur, 14 bawul ɗin silo.

Lamba tana nuna unguwar da ciwon yake ne, ba ta nuna gidan ba. P0505 ba umarni ba ne na a sayi sabon bawul.

Idan sikanarka tana nuna bayanai kai tsaye, dubi abu uku: zafin ruwa da kwamfuta ke gani, matsayin totur, da yawan buɗewar bawul ɗin silo. Na ukun nan ya fi kowanne faɗa maka gaskiya. Idan kwamfuta ta rufe bawul ɗin har ƙarshe amma silo na sama, to tana iya ƙoƙarinta ne ta kasa, iska na bin wata hanya ko bawul ɗin ba ya jin umarni. Idan kuwa ita ce ta wangale shi, sai ka nemi wanda ya yaudare ta.

Gwajin yatsa

Ba ka da sikana? Akwai gwajin da ke raba gardama. Cire babban tiyon da ke kawo iska bakin maƙogwaron totur. A bangon maƙogwaron, kafin a kai faifan, za ka ga rami ɗaya ko biyu, nan iskar silo ke shiga. Inji a ɗumame yana aiki, toshe ramin da yatsa. Idan ya sauko sosai ko ya mutu, ƙarin iskar ta hanyar bawul ɗin take bi. Idan ya ci gaba da rurinsa kamar ba a yi komai ba, to ko faifan bai rufe ba ko akwai yoyo a bayansa. Motar da ke auna iska da sensa a cikin babban tiyon za ta iya mutuwa da zarar ka cire shi. A irin wannan, idan bawul ɗin yana da tiyonsa na roba a waje, matse shi da filaya, sakamakon ɗaya ne. Ka nesanta tsumma da hannun riga daga bakin maƙogwaro da fanbel.

Ɓarauniyar hanya

Nan na fi so ka daɗe, domin a tsohuwar mota nan ciwon ya fi zama. Roba mai shekara ashirin ko talatin a cikin zafin inji tana bushewa ta tsage, kuma a silo duk abin da ke bayan faifan totur yana cikin zuƙa mai ƙarfi. Ko ramin da bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya canza muryar inji.

Yadda yoyo ke bayyana ya danganta da yadda motar ke auna iska. Wasu suna auna ƙarfin zuƙa ne a cikin manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska bayan faifan totur, da sensar MAP, kamar yawancin Honda na shekarun 1990, da injin 4A-FE na Corolla, da 5S-FE na Camry. A wurinsu, iskar da ta shigo ta yoyo daidai take da wadda ta shigo ta totur: sensa ta gan ta, kwamfuta ta ba ta fetur ɗinta, sai silo ya hau sumul ba gargada. Wasu kuma, kamar yawancin Nissan da Ford da BMW na wancan zamani, suna auna iskar ne a ƙofar shiga da sensar MAF. A wurinsu iskar yoyo ba ta cikin lissafi, fetur ya gaza, sai ka sami silo mai rawa, wani lokaci a sama wani lokaci kamar zai mutu. A sikana, idan lambar gyaran fetur ta wuce ƙarin kashi 10 cikin 100 a silo, amma ta sauko idan ka riƙe juyi a 2,500, wannan hoton yoyo ne sak, saboda a babban gudu 'yar iskar yoyon tana ɓacewa cikin mai yawa. Tsagar da ke jikin babban tiyo kafin faifan totur kuwa ba ta ɗaga silo, sai dai ta sa inji tuntuɓe, don duk iskar da ta shiga nan sai ta bi ta faifan.

Fara da kunne. Ɗauki guntun tiyo, kai ɗaya a kunnenka, ɗayan kana zagaya manifol da shi, kana neman sautin tsotsa. Sannan ka bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, ka lanƙwasa kowanne, musamman a bakinsa da kuma ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Motoci da yawa suna da takarda manne a cikin bonet mai zanen inda kowane tiyo ya dosa. Ka gwada da abin da ke gabanka, don ba abin mamaki ba ne ka tarar da bakin da aka cire wa tiyo aka manta a buɗe.

Daga nan sai matsewa. Da filaya mai santsin baki, matse kowane tiyo da ke fita daga manifol na 'yan daƙiƙu. Wanda ka matse silo ya faɗo, ciwon yana can ƙarshensa. Uku ne manya. Na farko tiyo mai kauri da ke zuwa bustar birki, wannan baƙar tukunyar da ke bayan tulun man birki. Idan tantaninta ya yage za ka ji huci a ƙarƙashin dashbod in ka taka birki, silo ya canza, birkin ya yi tauri. Gwajinta: inji a kashe, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi, tayar da mota. Lafiyayya sai feda ta ɗan nutsa. Na biyu bawul ɗin PCV da ke zuƙe tururin baƙin mai daga murfin inji. Matse tiyonsa yakan sauke silo kaɗan ko da lafiya, amma faɗuwa mai yawa tana nufin ya maƙale a buɗe ko an sa wanda ba nasa ba. Tiyon nan baƙin mai yana jiƙa shi har ya yi laushi ya ɓule ta ƙasa. Na uku bawul ɗin da ke sakin tururin tankin fetur zuwa inji, wanda a yawancin tsofaffin motoci a rufe yake a silo.

An taɓa kawo mini wata mota da aka canza wa bawul ɗin silo har sau biyu, mai ita ya gaji da kashe kuɗi. Na matse tiyon bustar birki, nan take inji ya kwanta. Da na ciro tiyon, tsaga ce ta ƙasa daidai inda ya jingina da ƙarfe, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Bawul ɗin farko da aka jefar lafiyarsa lau.

Idan tiyo duk sun kuɓuta, saura gasket: na tsakanin manifol da kan inji, na ƙarƙashin maƙogwaron totur, na bawul ɗin silo, da ƙananan zoben roba da ke gindin kowace injekta. Fesa ruwa da kwalbar feshi a kan kowane haɗi, inji yana aiki. Inda ruwan ya toshe ramin na ɗan lokaci ko aka zuƙe shi, murya za ta canza. Da yawa suna amfani da feshin wanke kafireto don ya fi nuna kansa, amma wuta yake ci, kuma tsohuwar wayar fulogi mai tartsatsi ko salansa mai zafi sun isa su tayar da gobara. Ni ruwa na fi amincewa da shi, a dai kauce wa soket da dilko, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta. Abin da ya fi duka kuwa hayaƙi ne: inji a kashe, a toshe bakin maƙogwaro da safar hannu ta roba, a tura hayaƙi ta tiyon bustar birki, a haska tocila. Duk inda ya fito, nan ne.

Lokacin da kwamfuta ke zaton gari bai waye ba

Idan gwajin yatsa ya nuna hanyar bawul ce, kada ka yi saurin ɗora masa laifi. Kwamfuta tana ɗaga silo ne gwargwadon sanyin da aka ce mata inji yana ciki, kuma hanyoyi uku ne ake ba ta labarin da ba daidai ba.

Ruwan lagireto tukuna, kuma sai inji ya huce sarai za ka buɗe murfin, don ruwan da ke ciki yana iya wuce zafin tafasa. Idan ruwa ya ragu ko iska ta maƙale a ciki, sensa tana zama a cikin iska maimakon ruwa, ta riƙa ba da labari mai yawo. Silon da ya fara hawa da sauka bayan an canza ruwa ko famfon ruwa, kusan kullum iska ce. Cika ruwan, sa hita a kan zafi, bar murfi a buɗe tun inji na sanyi, ka bar shi yana aiki har kumfa ya daina fitowa. Wasu injuna suna da noti na musamman na fitar da iska kusa da gidan tamostat.

Sai tamostat ɗin kansa. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai digiri 80 zuwa 90, gwargwadon mota. Idan ya maƙale a buɗe, ko wani ya cire shi da sunan maganin zafi, inji ba ya kai zafin aikinsa, musamman a kan doguwar hanya, kwamfuta kuwa ta ci gaba da ba shi silon safiya da fetur ɗin safiya. Cire tamostat ba ya warkar da zafin inji, ɓoye ciwon yake yi ya haifo wani. Tayar da mota da sanyi ka riƙe tiyon da ya haɗa gidan tamostat da lagireto. Ya kamata ya daɗe bai yi zafi ba, sannan ya ɗauka gaba ɗaya. Idan tun farko yake ɗumama a hankali, tamostat a buɗe yake ko babu shi.

Sensar zafi kuwa, ka sani a yawancin tsofaffin motoci guda biyu ce: mai waya ɗaya ta allurar dashbod, mai waya biyu ta kwamfuta. Don haka allura tana iya nuna tsakiya alhali kwamfuta na ganin sanyi. Ana auna ta da mita: a yawancin motocin Japan da Turai tana ba da ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Yawan ohm shi ne sanyi a idon kwamfuta, shi ya sa soket mai tsatsa ko kore-kore kaɗai ya isa ya sa inji mai zafi ya zama mai sanyi a lissafinta. Waya a tsinke kuma sikana takan nuna digiri 40 ƙasa da sifiri. Idan mota ta kwana ba a tayar ba, zafin ruwa da zafin iska a sikana ya kamata su yi kusa da juna.

Wasu motocin suna da ƙarin bawul na silon sanyi wanda ba ruwansa da kwamfuta. A Honda na wancan zamani, kakin da ke cikinsa ne ke kumbura da zafin ruwa ya rufe hanya. Idan maƙogwaron yana da rami biyu, na ƙasa nasa ne, kuma in inji ya ɗumama bai kamata ka ji yana zuƙar yatsanka ba. A tsofaffin motocin Turai masu tsarin Bosch, wani ƙarfe ne da lantarki ke ɗumamawa ya rufe ƙofar a hankali. Matse tiyonsa bayan inji ya yi zafi, in silo ya sauka bai rufe ba, sai a duba ko wuta na isa soket ɗinsa kafin a yanke masa hukunci.

Wanke maƙogwaro da bawul

Yanzu ne lokacin bawul ɗin silo. Inji a sanyi, makulli a cire, don wasu bawul ɗin ruwan lagireto na ratsa su. Cire soket, kwance bawul ɗin, ka dubi baƙar dauɗar da tururin baƙin mai ya tara. Ita ce ke hana shi komawa mazauninsa. Fesa maganin wanke totur, ka riƙe shi ɓangaren lantarki yana sama don kada ruwan ya gangara ciki, ka goge da tsohon burushin haƙori. Irin mai tsini da waya huɗu, wanda ya yawaita a motocin GM, kada ka tura tsinin ko ka ja shi da ƙarfi, zaren cikinsa yana lalacewa. Wanke ramin da yake zama, ka sa sabon gasket ko zoben roba. Tsohon gasket da aka mayar shi ne yoyon gobe.

Maƙogwaron kuma, buɗe faifan da hannu ka goge gefensa da bangon da yake rufewa a kai, da tsumma mai laushi. Wasu na Ford suna da rufi na musamman a ciki har da takardar gargaɗi, waɗannan ba a kankare su. In ka ciro shi gaba ɗaya, ɗaga shi ga haske: siririn zare kawai ya kamata ka gani kewaye da faifan. Girgiza sandar da faifan ke kai. Idan tana wasa sama da ƙasa, iska na bi ta nan kuma faifan ba ya zama wuri ɗaya, wanki ba zai gyara wannan ba.

Sensar totur, tayimin da sauran

Sensar totur tana gefen maƙogwaro, ita ke gaya wa kwamfuta ka ɗaga ƙafa. Ana ba ta volt 5, ta mayar da wajen rabin volt idan totur a rufe yake, ta haura zuwa wajen 4.5 in an buɗe duka. Makulli a kunne, inji a kashe, auna wayar da ke komawa kwamfuta kana buɗe totur a hankali. Lambar ta hau sumul ba tsalle, kuma duk sanda ka saki ta dawo wuri guda. Idan a rufe tana nuna sama da ƙa'ida, kwamfuta na zaton kana tafiya, sai ta bar bawul ɗin silo a buɗe tana jiran ka saki. Wannan ne yawanci ke sa juyi ya rataye. Wasu suna da makunnin silo a ciki, kuma ramukan notinansu dogaye ne don a iya juya su a saita.

Motar da ke da dilko, idan an juya shi tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba, silo yana hawa. Ba a saita shi da kunne. Sai an sa kwamfuta ta saki tayimin, ta hanyar haɗa TE1 da E1 a Toyota, ko cire ɗan fulogin SPOUT a Ford, sannan a haska fitilar tayimin. Yawancin waɗannan biyun digiri 10 ne, Honda da dama wajen 15 ko 16, takardar bonet ce ke da ta cewa. Ka kuma cire soket ɗin makunnin da ke kan tiyon man sitiyari ka gani, don idan ya lalace kwamfuta na zaton kullum kana murɗa sitiyari.

A bar kwamfuta ta sake koyo

Kada ka firgita idan silo ya ƙara hawa bayan wanki. Shekara da shekaru kwamfuta tana ƙara buɗe bawul don ta rama abin da dauɗa ta toshe, yanzu hanya ta buɗe amma tana nan da tsohon lissafi. Cire wayar batir ta nagatif na 'yan mintuna, bayan ka tabbata kana da lambar rediyo in mai lamba ce. Mayar, tayar ba tare da taɓa totur ba, komai a kashe, har fanka ta tashi sau biyu, ka ƙara masa minti goma yana silo. Sannan kunna esi na ɗan lokaci, sa D kana taka birki na ɗan lokaci, ka fita ka yi tafiya mai tsayawa da tashi. Wasu Nissan na farkon shekarun 2000 suna da nasu tsarin koyarwa na musamman, ba sa saukowa sai an bi shi.

Sai bayan duk wannan ake maganar sukuru. Wasu motocin, kamar Honda da Nissan da yawa, suna da wani babban sukuru mai faɗin kai a saman maƙogwaro, na ƙaramar hanyar iska, wanda aka yi don a saita. Ana yin sa ne inji a ɗumame, an cire soket ɗin da littafin motar ya ce a cire, a juya har juyi ya kai adadin da aka rubuta, a kashe, a mayar da soket, a goge lambar da ta shiga. Na jinginar faifan kuwa, sai in ka ga fentinsa a fashe, alamar wani ya riga ka. Janye shi har faifan ya rufe, dawo da shi har ya taɓa, ka ƙara ɗan abin da littafin ya faɗa don kada faifan ya ciji bango, sannan ka sake auna sensar totur.

Gwajin ƙarshe da safe ake yin sa. Tayar da sanyi: juyi ya hau, ya riƙa saukowa da kansa yayin da allurar zafi ke tashi, ya zauna a adadin da ke kan takardar bonet. Taka totur zuwa 2,500 ka saki, ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku ba ratayewa. Kunna esi, ya ɗan motsa ya riƙe. Sa D, motar ta karɓi giya ba tare da ta zabura ba.